Bin Takun Sultan Khan: Kundin Aikin Littafi

6 ga Janairu, 2025

Yau na buɗe sabon littafin rubutu, na sa wa aikin nan hannu. Abin da na ƙudura shi ne in rubuta ɗan littafi da Hausa a kan Sultan Khan, gwanin darar ces ɗan Punjab, wanda ya sauka Ingila a 1929, ya ci kambun Birtaniya har sau uku, ya kayar da tsohon zakaran duniya Capablanca, sa'annan ya tattara nasa ya nasa ya koma gida a ƙarshen 1933. Duka-duka shekara biyar ba su cika ba. Bayan nan ya yi shekara talatin da 'yan kai a raye, duniyar darar Turai ba ta ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Na kafa wa kaina ƙa'ida guda. Ba zan rubuta babi a kan wata gasa ba sai na jera 'ya'yan dara a kan allon katako, na bi wasanninsa taku bayan taku da hannuna. Kwamfuta sai daga baya. Dalilina shi ne mutumin nan bai bar mana littafi ba. Labarinsa duk a bakin wasu yake: 'yan jaridar Landan, abokan karawarsa, daga baya kuma iyalinsa. Takunsa a kan allo ne kaɗai maganar da ta fito daga gare shi kai tsaye, ba ta bi ta hannun tafinta ba.

Yammacin yau ya tafi wajen tsayar da kalmomi. Sarki da sarauniya da doki babu gardama. Mai tafiya a karkace na kira shi giwa, kamar yadda Larabawa ke kiransa. Na kusurwa hasumiya, ƙananan nan takwas na sahun gaba sojoji. Motsi ɗaya taku ne. Takun nan da sarki da hasumiya ke yi tare don sarki ya shige lungu na sa masa suna killace sarki. Muƙamin ƙoli da FIDE, hukumar darar ces ta duniya, ke bayarwa zan riƙa ce masa babban gwani.

19 ga Janairu

Babi na farko ya tsaya da ƙafarsa, shafi tara. An haife shi a 1903 a Mitha Tiwana, yankin Sargodha, wanda a lokacin yana cikin Indiyar da Ingila ke mulka, yau kuma yana Pakistan. Mahaifinsa ne ya koya masa dara yana ɗan shekara tara, amma irin ta ƙasarsu, ba ta Turai ba. Kafin ya wuce shekara 21 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa a Punjab.

Na daɗe ina karanta cewa darar Indiya ta bambanta da ta Turai, ban gane nauyin maganar ba sai shekaranjiya da na roƙi yayana muka buga wasa huɗu a kan waɗancan dokokin. Soja ba ya tsallake gida biyu a takunsa na farko, ɗaya-ɗaya yake tafiya. Ba a killace sarki, sai dai yana da damar yin tsallen doki sau ɗaya a wasa. Soja in ya kai ƙarshen allo ba abin da ka ga dama yake zama ba, yana ɗaukar siffar wanda asalin gidan nasa ne.

Wasan farko ma ba mu kai rabi ba yayana ya ɗago kai ya ce, "Ƙanena, wannan ai sai mai haƙuri. An yi taku goma ba wanda ya taɓa wani." Na ce, "Yaya, abin da nake so in gani ke nan." Rundunonin biyu suna daɗewa kafin su haɗu, saboda haka haddar buɗe wasa ba ta da wani amfani sosai. Abin da ke aiki shi ne ka iya shirya mutanenka a hankali, ka san inda sarki zai tsaya a fili ba tare da an cim masa ba. Wanda ya tashi a kan wannan ba zai ji tsoron barin sarkinsa a tsakiyar allo ba, kuma dogon wasa ba zai gundure shi ba. Na rubuta wannan a gefen shafi da jan biro, don na san zan dawo kansa.

2 ga Fabrairu

Yau shekara ɗaya daidai da ranar da shugaban FIDE, Arkady Dvorkovich, ya miƙa takardar muƙamin babban gwani na girmamawa ga Sultan Khan a Islamabad, a hannun Firaministan riƙon ƙwarya na Pakistan, Anwaar-ul-Haq Kakar. Shekara kusan 58 bayan rasuwarsa. Wannan labarin ne ya fara ja ni zuwa gare shi.

Gyara ɗaya na yi yau, amma ya taɓa kowane shafi. Littattafan Turai sun saba rubuta "Mir Sultan Khan", ni ma haka na bi. Iyalinsa sun bayyana cewa "Mir" ɗin nan kuskure ne da aka liƙa masa, laƙabin gidansu "Mian" ne. Na goge shi ko'ina. Mutum ya fi kowa sanin sunan ubansa.

16 ga Fabrairu

Ina babi na biyu, zuwansa Ingila. Wanda ya kawo shi shi ne Sir Umar Hayat Khan Tiwana, babban mai filaye a Punjab, soja, kuma na hannun daman Turawan mulki. Ɗansa Khizar Hayat ma ya zama Firimiyan Punjab daga baya. Sir Umar ne ya jawo Sultan Khan gidansa a 1926 ya sa aka koya masa dokokin Turai. A 1928 ya ci gasar Indiya baki ɗaya da maki takwas da rabi cikin tara, wato wasa ɗaya kawai aka yi canjaras da shi. A bazarar 1929 suka tafi Landan.

Abin da ya fi burge ni a wannan babin ba nasarar ba ce, faɗuwar farko ce. An shirya masa 'yar gasar gwaji da manyan 'yan wasan Ingila, ciki har da William Winter da Frederick Yates, ya ƙare a ƙasan jeri. Waɗannan biyun ne kuma suka zauna da shi suka taimaka masa ya gyara buɗe wasansa. Bayan 'yan watanni aka yi gasar kambun Birtaniya a Ramsgate, ya lashe ta. Ina so mai karatu ya ga Winter da Yates da kyau, don sun koya wa baƙo abin da zai zo ya karɓe musu kambu da shi, kuma sun yi. Yates ya rasu a Nuwamban 1932, Sultan Khan na ƙasar.

Sai maganar jiki. Sanyin Ingila bai taɓa karɓarsa ba. Mura da ciwon maƙogwaro da zazzaɓin cizon sauro da ke taso masa, haka ya yi ta fama da su, wani lokaci ya zauna gaban allo wuyansa a naɗe. Na fara sa wannan a sakin layi ɗaya, sai na ga ya kamata ya bi littafin gaba ɗaya, don kowane maki da ya ci a Turai da wannan jikin ya ci shi.

2 ga Maris

Kwana uku ina kan wasa ɗaya. Hastings ta Ingila, gasar ƙarshen 1930 zuwa farkon 1931. Sultan Khan na da farare, José Raúl Capablanca na Kyuba na da baƙaƙe. Sai an tuna ko wane ne Capablanca kafin a gane abin da ya faru. Shi ne zakaran duniya daga 1921 zuwa 1927, kuma ya taɓa yin shekara takwas, daga 1916 zuwa 1924, ba wanda ya ci shi a wasan gasa. Shi ne mutumin da ake koyon tsabtar wasa a wurinsa.

A taku na biyar Sultan Khan ya tura sojan gefe gida ɗaya, daga a2 zuwa a3 (kowane gida a allo ana kiransa da harafin layinsa da lambar sahunsa). A ido kamar ɓata lokaci ne. Amfaninsa shi ne ya hana giwar baƙi zuwa b4 ta ɗaure masa doki. Shekaru da yawa bayan haka wannan takun ya zama sanannen tsari mai ɗauke da sunan zakaran duniya Petrosian, Kasparov ma, wanda shi ma ya zama zakaran duniya, ya ci manyan wasanni da shi yana matashi. Da na kai nan sai na koma kan jan rubutuna na 19 ga Janairu. Taku ne na wanda ya saba da soja mai tafiya gida ɗaya-ɗaya, wanda ba ya ganin ƙanƙantar irin wannan motsi.

Capablanca ya killace sarkinsa a taku na takwas. Sultan Khan bai killace nasa ba, har wasan ya ƙare. Maimakon haka ya tura sojojin ɓangaren sarki, h4 a taku na 14, g4 a na 19, ya bar sarkin a tsakiya. Capablanca ya jera hasumiyoyinsa biyu a layin c, ya kutsa da su. A taku na 21 ya tsare sarki da ɗaya, wato ya kai masa hari kai tsaye, sarkin ya matsa d2, ya sake tsare shi da ta biyun. A nan Sultan Khan ya ba da sarauniyarsa ya karɓi hasumiyoyin biyu.

Na tsaya a wannan wurin kusan awa guda, na rufe sauran takun da takarda, ina ƙoƙarin gano abin da zan yi da ni ne. Sarauniyar Capablanca tana da faɗin allo, sarkin farare yana fili. Ni tsoro ne ya cika ni. Da na buɗe takardar sai na ga shi ba gaggawa a tare da shi ko kaɗan. Ya toshe duk ƙofar da sarauniyar za ta shiga ta yi ɓarna, ya bar ta tana zagaye a bayan sahu ba abin da za ta kama. Ya karɓe layin c ɗin da aka kawo masa hari ta kansa, ya zuba nasa hasumiyoyin a ciki. Ya taka da sarkinsa sannu a hankali zuwa ɗaya ɓangaren, inda ba mai damunsa. Sai da komai ya zauna daram sa'annan ya tura sojan b ya fasa. Capablanca ya miƙa wuya a taku na 65.

Babu wani taku ɗaya a wasan da za ka nuna ka ce ga inda aka yi abin al'ajabi. Taku arba'in ne na matsi, kowanne ya ɗan rage wa abokin karawa iska. An ci Capablanca da irin makamin da shi yake cin mutane da shi. Na duba da kwamfuta a daren jiya, ta nuna wurare da kowannensu zai iya yin abin da ya fi, amma ba zan cika babin da wannan ba. Abin da nake so mai karatu ya ji shi ne natsuwar. A ƙarshen gasar Max Euwe na Holan ne ya zo na ɗaya, Capablanca na biyu, Sultan Khan na uku.

Zane shida na fitar daga wannan wasan. Sun yi yawa ga babi ɗaya, amma na kasa cire ko guda.

22 ga Maris

Na yaga babi na huɗu, shafi goma sha ɗaya. Raina ya ɓaci, amma ya zama dole.

Na gina shi ne a kan labarin da kowa ke so: bara wanda bai iya karatu ba, ubangidansa ya kawo shi Turai, ya kunyata manya. Akwai labarin da Reuben Fine na Amurka ya bayar, cewa bayan gasar ƙasashe ta Folkestone a 1933 an gayyaci tawagar Amurka cin abinci a gidan Sir Umar a Landan, sai suka ga Sultan Khan, wanda suka gama karawa da shi, yana cikin masu yi musu hidima a tebur. Na buɗe babin da wannan, na ƙawata shi, na ji daɗin yadda ya fito.

Sai na sake karanta abin da ɗansa da jikarsa suka rubuta a 2020. Sun ce shi ɗan gidan malamai ne masu filaye, ba bara ba ne, kuma rashin iya Turanci ba shi ne jahilci ba. Sun kuma ƙi yarda a riƙa kiransa ɗan Indiya kawai, alhali ƙasarsa ta zama Pakistan a 1947, ya rayu shekara goma sha tara yana ɗan ƙasar, a can kuma aka binne shi. Maganar rashin Turancin ce ta fi taɓa ni. Mutum yana da harshensa, yana da addininsa da tarbiyyarsa, amma don bai iya harshen mai masauki ba sai a rubuta a tarihi cewa bai san komai ba. Kuma ni da hannuna na kwafi wannan na zuba a Hausa.

Ba zan jefar da labarin Fine ba, don shaida ce ta wanda ya halarta, kuma tana nuna irin tazarar da ke tsakanin Sir Umar da mutanen da ke ƙarƙashin inuwarsa. Tafiyar Sultan Khan da dawowarsa duk a hannun Sir Umar suke, wannan ba a musu. Amma zan sa labarin a matsayin abin da baƙo ya gani a dare ɗaya, in sa maganar iyalinsa kusa da shi da cikakken nauyinta. Kalmar "bara" ba za ta fito daga bakina ba a littafin nan. Yayana da ya karanta tsohon babin ya ce ya fi daɗin karatu. Na ce masa, "Haka ne, Yaya, amma daɗin a kan mutuncin wani aka gina shi."

6 ga Afrilu

Mako biyu na lissafi da bin wasanni. A Liège ta Beljiyam a 1930 ya zo na biyu a bayan Savielly Tartakower. A 1931 suka yi karawar mutum biyu a Semmering ta Ostiriya, wasa goma sha biyu: ya ci huɗu, aka ci shi uku, biyar canjaras. Ya rinjayi Tartakower da maki shida da rabi a kan biyar da rabi. A 1932 Salo Flohr ya rinjaye shi da ƙyar a wasa shida. A Bern ta Suwizalan, a shekarar, ya zo na huɗu a bayan zakaran duniya Alekhine da Euwe da Flohr. Ya sake cin kambun Birtaniya a 1932 da 1933.

Sau uku ya zauna a allo na ɗaya, wato kujerar jagoran 'yan wasan tawaga, yana wakiltar Ingila a gasar ƙasashe: Hamburg 1930, Prague 1931, Folkestone 1933. Ta Prague ce ƙololuwa. Wasa 17, ya ci takwas, canjaras bakwai, biyu kawai ya faɗi. A cikin waɗanda ya kayar akwai Flohr da Akiba Rubinstein, kuma ya yi canjaras da Alekhine, zakaran duniya na lokacin.

Dole in faɗi gaskiya a kan rauninsa, don littafin yabo zalla ba ya amfanar kowa. Buɗe wasansa bai taɓa kai na sa'o'insa ba. Sau da yawa ina bin wasa sai in ga kafin taku na goma sha biyar ya riga ya shiga matsi, saboda abin da abokin karawarsa ya haddace daga littafi shi sai ya ƙirƙiro shi a kan allo, agogo na tafiya. Wani lokaci ya fita, wani lokaci bai fita ba. Amma in ya tsallake wannan mashigin ya kai ƙarshen wasa, inda 'ya'ya suka ragu, to nan gidansa ne.

Wasa 41 na bi da hannu zuwa yau.

25 ga Afrilu

A rana irin ta yau a 1966 ya rasu a Sargodha, tarin fuka ne ajalinsa. Allah Ya jiƙansa. Na ajiye babin Prague na rubuta na ƙarshe, ko da yake lokacinsa bai zo ba.

A Disamban 1933 Sir Umar ya koma gida da shi. A 1935 ya kara da V. K. Khadilkar wasa goma, ya ci tara, ɗaya canjaras. Daga nan ya koma kan gonarsa. Fatima, wadda ita ma daga gidan Sir Umar take, kuma ta ci kambun matan Birtaniya a Hastings a 1933, a gasar da shi ya ci na maza, ta ba da labari daga baya cewa da ya koma ji ya yi kamar an sake shi daga kurkuku. Babban ɗansa kuma ya ce bai koya wa 'ya'yansa dara ba, ya ce musu su nemi abin da ya fi amfani.

Da farko na rubuta wannan sashe da muryar makoki, kamar an yi masa fashi. Da na sake karantawa sai na rage. Mu masu son dara ne muka yi asara. Shi ya koma ƙasarsa da iyalinsa da rana mai ɗumi, kuma shaidar da muke da ita ta nuna hakan ya fi masa.

Inda ban rage zafi ba shi ne 1950. A shekarar FIDE ta fara ba da muƙamai a hukumance, ta fitar da sunayen manyan gwanaye 27. Ta sa dattawan da suka daina wasa, don girmama abin da suka yi a baya. Rubinstein na ciki, Tartakower na ciki, Flohr na ciki. Duk ukun ya kayar da su a kan allo. Shi yana raye a lokacin, yana da shekara 47, ba a ba shi babban muƙamin ba, ba a ba shi na ƙasa da shi ba. Ya yi shekara goma sha shida bayan nan. Takardar da aka kai Islamabad a 2024 ta zo, amma ba hannunsa ta shiga ba.

11 ga Mayu

Inda aiki ya tsaya: babi biyar sun kammala, na huɗun da na sake rubutawa ya fito shafi takwas, ya fi na da gajarta kuma na fi yarda da shi. Saura uku, wato Prague, da shekarar 1932, da na Fatima. Da niyyata in ba ta sakin layi biyu a cikin babin 1933, amma mace daga Punjab da ta ci kambun matan Birtaniya a wancan zamanin ta wuce a ratsa ta a hanya. Za ta samu babinta.

Na ba mutum biyu da ba su taɓa buga dara ba babin Capablanca su karanta. Dukansu sun tsaya a wuri ɗaya, inda haruffa da lambobin gidaje suka fara yawa. Saboda haka zan ƙara shafi biyu a farkon littafin masu nuna yadda ake karanta allo, layuka takwas daga a zuwa h, sahu takwas daga 1 zuwa 8, in kuma rage zanen wancan babin daga shida zuwa huɗu, in faɗi sauran da baki. Kalmar "killace sarki" ta zauna musu ba tare da bayani mai tsawo ba. "Hasumiya" ce ɗayansu ya ce ta yi masa nauyi, amma zan bar ta.

Na riga na jera allo don wasansa da Rubinstein. Gobe da safe zan fara, in Allah Ya yarda, da takarda a kan takun da ke gaba kamar yadda na yi a na Hastings.